Duwatsun Kahwang a tsakiyar damina: mu je da yara ko mu jira rani?

MamanIlham_Rikkos: Assalamu alaikum 'yan gida, ya muka ji da sanyi? Shawara nake nema. Ƙanin maigidana zai zo daga Abuja mako mai zuwa da iyalinsa, yaransa huɗu, nawa uku, duk suna dogon hutu. Matarsa ta ga hoton duwatsun nan na Kahwang a Facebook, waɗanda suke tsaitsaye a bakin kogi kamar an jera ginshiƙai, ta ce lallai can za mu kai su. Ni ban taɓa zuwa ba. Wanda ya san wurin ya taimaka: ta ina ake bi, ƙaramar mota tana kaiwa, kuma ya dace a je da yara yanzu da Agusta ta kama, kullum sama a haɗe? Autana shekararsa biyar.

Direban_FarinGada: Wa alaikumus salam Hajiya. A ƙaramar hukumar Riyom ta jihar Filato yake, gundumar Bachit, wajen ƙauyen Bangai. Ki bi hanyar Bukuru ki miƙe kamar za ki Abuja, a Riyom ake ratsewa. Kan titi ba matsala, ƙarshen hanyar ne aiki. Da rani na kai ɗalibai da bas. Da damina kuwa ba zan sa motata ba, jar ƙasar nan in ta sha ruwa sabulu ce.

Sadiq_MaiKamara: Hajiya ku je kawai. Damina ita ce adon Filato. Da rani ciyawa ta ƙone, hazo ya rufe komai, hoto ma ba ya fita. Ni a Satumba na je magangarar ruwa ta Assop bara, ruwan yana zubowa fari fat, kore ko'ina. Baƙi daga Abuja suka zo, ai abin da za su gani su tafi da labarinsa ke nan.

Baba_Gangare: Sadiq ɗana, kai gauro ne da kamara a wuya. Ita yara bakwai za ta riƙe. Ka bari in ba ku labari, don ni abin nan a idona ya faru.

Muna samari, mu shida muka je wani rafi da ke gangarawa tsakanin duwatsu a bayan gari. Rana kwal, ko ɗigon ruwa bai sauka a kanmu ba. Ruwan iyakarsa gwiwa, muna zaune a kan wani falalen dutse a tsakiya muna cin rake. Sai wani tsoho mai kiwo ya leƙo daga saman gaɓa yana ɗaga sanda yana ce mana mu fito. Muka ɗauka korarmu yake yi don shanunsa su sha. Abin da na fara lura da shi, ruwan da yake garai-garai ya soma komawa kalar koko, ga ganyaye da ƙirare suna wucewa. Sai ƙara, kamar tirela tana hawan tudu. Mu biyar muka kai gaɓa. Na shidanmu ya koma ɗauko takalminsa. Shi ne ya fi mu iya iyo duka. Sai bayan kwana biyu aka same shi a can ƙasa, wajen masu lambu.

An yi ruwan ne a kan tsauni, nesa da mu, ba mu gani ba. Yau shekara ta fi arba'in, har yanzu in na ji ƙarar ruwa a kwazazzabo gabana faɗuwa yake. Hajiya, ke 'yar Rikkos ce, ba sai na tuna miki Yulin 2012 ba, daren da ruwa ya shiga Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo a nan Jos, aka rasa mutum fiye da talatin. Wancan a cikin gari ne, inda akwai masu kawo ɗauki. To ina ga gindin dutse, inda mafita ɗaya ce kuma hawa ake yi?

MamanIlham_Rikkos: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, Baba. Daren 2012 kuwa a kan katanga muka kwana da goyo a bayana, ba zan manta ba.

Ummu_Hanan: Allah ya jiƙan musulmi. Jikina ya yi sanyi wallahi.

Sadiq_MaiKamara: Allah ya gafarta masa. Baba na karɓi gyara, ban yi tunanin yara ba. Amma a yi mini adalci, kallo daga sama daban, sauka cikin kwarin daban. Ni a Assop ban taka ruwa ba, daga tudu na ɗauki hotunana.

Baba_Gangare: Kai ka iya tsayar da kanka a tudu. Yaro ɗan shekara biyar ya ga ruwa, waye zai tsayar da shi in uwarsa ta juya zuba abinci?

Malam_Jiyoloji: Bari in sa baki ta fannin da na karanta, don akwai dalili na biyu da ya sa nake goyon bayan a jira. Abin da ake zuwa gani a Kahwang ba yawan ruwa ba ne, dutsen ne. Kuma dutsen ya fi bayyana in ruwa ya ja.

Mutane da yawa in sun ga hoton sai su ce Turawan kuza ne suka yanka shi, ko mutanen da ne suka sassaƙa. Babu hannun ɗan'adam a ciki. Narkakken dutse ne ya fito daga cikin ƙasa a zamanin da tsaunukan Filato ke aman wuta, ya malala ya cika kwari, ya tsaya yana hucewa sannu a hankali. Duk abin da ke hucewa yana tsukewa. Kun ga yadda taɓon kududdufi ke tsattsagewa in ya bushe da rani, ya rabu gida-gida? Haka shi ma, sai dai tsagar tasa ba ta tsaya a sama ba, ta bi shi har ƙasa yayin da sanyin ke ratsa shi. Shi ya sa ya fito ginshiƙi-ginshiƙi, yawancinsu masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, wasu biyar, wasu bakwai. Daga baya kogin ya yi ta cin gefensa har ya tone mana shi muka gani. Irin wannan baƙin dutsen ana ce masa basal. Ba iri ɗaya ba ne da dutsen Riyom da kuke gani a bakin titi, wanda manyan duwatsu suka hau kan juna. Wancan giranit ne, a can cikin ƙasa ya huce, kuma ya girmi na Kahwang nesa ba kusa ba.

A Ailan ta Arewa akwai irinsa a bakin teku, ginshiƙai wajen 40,000, mutane daga ko'ina a duniya suna biyan kuɗin jirgi su je kallo. Mu namu yana nan bayan gida, yaranmu suna haddace sunan dutsen a aji ba su taɓa ɗora hannu a kansa ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai. Don haka Hajiya, kar ki fasa kai su. Ki dai kai su lokacin da za su iya tsugunawa su ƙirga kusurwoyin da yatsa, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu.

Abba_Tudunwada: Malam, wato kana nufin akwai dutse mai aman wuta a Filato? Yana iya tashi?

Malam_Jiyoloji: Akwai tsofaffinsu da yawa, Abba, musamman ta wajen Panyam da Kerang a Mangu. Tafkin Pidong da ke Ampang ma a cikin bakin ɗaya daga cikinsu yake zaune. Ba a taɓa rubuta tashin ko ɗaya ba a tarihin da mutane suka shaida. Ka kwantar da hankalinka.

Kaneng_Riyom: Sannunku duka. Ni 'yar yankin ce, ko da yake a Jos nake aiki, kakata tana can har yanzu. Abin da Baba ya faɗa gaskiya ne, mu ma ba ma barin yara su sauka rafi a wannan watan, ko wanki mata a bakin gaɓa suke tsayawa. Amma ina da roƙo ga duk mai zuwa, ko da rani ne.

Wurin nan ba fili ne da ba mai shi ba. Hanyar da za ku bi ta ratsa gonakin mutane, akwai acca, akwai dankali. In kun iso ku fara gaida mai unguwa, ku ce ga abin da ya kawo ku, zai haɗa ku da saurayi ɗaya ya yi muku jagora. Shi ya san dutsen da ke da santsi, ya san inda ruwa ke da zurfi ko da ya yi kama da kwance. Ku ba shi abin da ya dace, yininsa ya bari. Kuma don Allah kar a ɗauki tsofaffinmu hoto ba a tambaye su ba. Na ga hoton wata gwaggona da itace a ka yana yawo a intanet, ita ba ta ma san an ɗauka ba. Ta ji zafi sosai da aka nuna mata.

Sai leda. Mutum zai zo da mota mai kyau, ya ci shinkafa, ya sha lemo, ya tura robar cikin tsagar dutse ya tafi. Akuyar mutane ta ci leda ta mutu, wa zai biya? Ruwan nan shi ake sha a ƙasa.

MamanIlham_Rikkos: Na gode 'yar'uwa, kin yi mana gata. Da ɗan gari akan ci gari. In Allah ya kai mu, da buhun shararmu za mu zo mu koma da shi.

Alhaji_Terminus: Ni abin da ke hana ni irin waɗannan wurare kuɗin ƙofa ne marar kan gado. Na taɓa kai iyali wani wurin shaƙatawa, ba zan kama suna ba, aka karɓi na shiga, aka karɓi na mota, aka ce kamara ma da kuɗinta, ba rasit ko ɗaya. Muka shiga ba bayan gida, ba wurin alwala, ba ko igiya a bakin gangare. Ba biyan ne ke damuna ba, a nuna mini inda kuɗin ya tafi.

Direban_FarinGada: Alhaji wannan ciwon kowa ne. Amma akwai maganar da ba wanda ya taɓo, kuma ita ce ta farko a wurinmu direbobi. Kowa ya san Riyom da Barikin Ladi sun sha fama da tashin hankali, an yi asarar rayuka ta kowane ɓangare. Akwai lokacin lafiya, akwai lokacin da ba a shiga ƙauye. Ni ƙa'idata, sai na buga waya ga wanda ke kwana a can a daren da zan tafi, ba labarin makon jiya ba. A fita da hantsi, la'asar ta yi muku a kan kwalta.

Kaneng_Riyom: Haka ne Malam Direba, ba abin ɓoyewa ba ne. Mu ma in za mu gida sai mun tambaya. Amma baƙon da ya zo da sallama ta hannun mai unguwa, mutanenmu suna karɓarsa hannu biyu. Na fi so ku zo ku gani da idonku, mu ma yaranmu su saba ganin baƙi daga cikin gari.

Sista_Jummai: Ni ta wajen asibiti zan yi magana. Ko da rani kuka je, kar a bar yara su yi wanka a inda ruwa ya kwanta, musamman gefen da ke da ciyayi. Nan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya suke zama. Ƙwayar tana fita daga jikinsu ta shiga ta fatar mutum, ba sai an sha ruwan ba. Sai bayan makonni yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshensa, iyaye su rasa daga ina. Akwai magani, kuma yana aiki, amma wanda ya ga alama ya je a gwada, kar a tsaya jiƙe-jiƙe. Sannan takalmi. Silifas a kan jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka shi ke kawo mana karaya. A sa musu kambas mai kama ƙasa, a tafi da rigar sanyi ta canji.

Hajjo_Bauchi: To wai me ya sa ba za ku wuce Yankari ba? In dutse da ruwa kuke so a wuri guda, ai Wikki ce. Ruwan daga ƙarƙashin wani babban dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Akwai gefen da ba zurfi inda yara ke wasa. Daga nan yake gangarawa ya shiga kogin Gaji. Ga kuma kogunan dutse na Marshall, ramuka 59 da mutanen da suka fafe a jikin gangaren dutse. Gandun dajin tarayya ne, akwai ma'aikata, akwai ɗakunan kwana.

Malam_Jiyoloji: Gyara kaɗan Hajjo. An kafa Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya koma hannun tarayya a 1991, amma tun 2006 yana hannun gwamnatin jihar Bauchi. Sauran bayanin naki daidai ne. Dutsen can kuma na yashi ne da ya daskare, shi ya sa ya fafu da hannu. Na Kahwang ba ya fafuwa haka.

Hajjo_Bauchi: Na gode Malam, na ƙaru.

Direban_FarinGada: Yankari ba tafiyar je-ka-dawo ba ce da yara bakwai. Jos zuwa Bauchi, Bauchi zuwa Dindima, ka ratse zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofa kuma akwai tafiyar kilomita wajen arba'in a cikin daji kafin Wikki. Sai da kwana. Kuma da damina ciyawa ta yi tsawo, namun daji sun watsu tunda ko'ina akwai ruwa. Mai son ganin giwa ya bari sai bazara, lokacin da ƙishi ke tara su a bakin Gaji.

Ummu_Hanan: Kuma a kula da gwaggon biri a can. Ɗaya ya fizge ledar burodi a hannun 'yata, ta kwana tana firgita. Kar a ba yaro abinci ya riƙe a fili.

Abba_Tudunwada: Ni fa kakata cewa take irin waɗannan wuraren suna da masu su. Wai akwai gurbin da duk shekara sai ya ci mutum. Labarin Baba ma ai ya yi kama da haka, wanda ya fi kowa iya ruwa shi ya tafi.

Ustaz_Nasarawa: Abba, aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya tabbatar da su, kuma akwai addu'ar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar ga wanda ya sauka a wani wuri, ta neman tsari da cikakkun kalmomin Allah daga sharrin abin da ya halitta. A koya wa yara ita. Amma kar mu jingina wa aljani abin da sababinsa ke a fili. Baba ya faɗa da bakinsa, ruwa aka yi a kan tsauni, kuma an yi musu gargaɗi. Wanda ya tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali.

Malam_Jiyoloji: In ƙara a kan na Ustaz. Gurbin da ake cewa yana ci duk shekara, galibi gindin magangara ne. Ruwan da ke faɗowa yana haƙa rami, kuma yana juyawa a ciki, ya danna mutum ƙasa, ya ɗago shi, ya sake mayar da shi ƙarƙashin zubowar. Ga shi cike da kumfa, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwan da ke kwance. Wanda bai iya iyo ba ba ya kusantar wurin, gwani ne ke shiga. Haka kududdufan kuza da suka cika Rayfield da Bukuru, bakinsu a tsaye yake kamar rijiya, taku ɗaya daga gaɓa ka wuce tsayinka.

Baba_Gangare: Allah ya saka da alheri Malam. Shekara arba'in ina neman mai faɗa mini wannan a fili haka.

Zainab_Tsuntsaye: Anti MamanIlham, in baƙin sun riga sun sa rai da fita, ga wata shawara da ba ta buƙatar jiran rani. Dajin Amurum da ke Laminga, kilomita kamar 15 daga cikin gari. Akwai duwatsu, akwai kurmi a bakin ƙoramu, kuma nan cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis take, wadda ke haɗe da Jami'ar Jos. Na yi aikin karatuna a can. An ƙirga tsuntsaye wajen iri 300 a ɗan wannan dajin. Akwai wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zama a duwatsu wanda sai 1998 masana suka tabbatar jinsi ne na daban, kuma a Filato aka gano shi. Abin mamakin, akwai wani baƙin tsuntsu da ba ya yin sheƙa, sai ya je ya saka ƙwansa a sheƙar jan, jan ya ƙyanƙyashe ya rena. Ɗan baƙin yana tashi da kukan wanda ya rene shi, da shi ma yake neman mata in ya girma. Yara suna son wannan labarin. Da sassafe za ku ga rema suna shan hantsi a kan duwatsu. Sai dai wurin bincike ne, ba wurin biki ba, a nemi izini tukuna, kuma ba a kunna kiɗa.

Sadiq_MaiKamara: Wannan ta yi. Kuma in suna komawa Abuja ai ta Hawan Kibo za su sauka, Assop tana nan gefen hanya. Su tsaya minti talatin su kalla daga tudu, yara a hannu. Har yanzu ina kan bakana cewa wanda bai ga ruwan Filato da damina ba bai ga Filato ba. Daga tudun nan kogin Kaduna ya taso, da Gongola, Dilimin da muke tsallakawa kullum ma arewa ya nufa, ruwansa yana bin hanyar tafkin Chadi.

Baba_Gangare: Yara a hannu, Sadiq. Babba ɗaya, yaro ɗaya. In manya huɗu ne yara bakwai, lissafin bai cika ba.

MamanIlham_Rikkos: Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na tura wa facalata labarin Baba da bayanin Malam. Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai hutun Disamba a Kano suke yi wajen iyayenta, in ba yanzu ba ba ta san yaushe ba. Maigida ya ce shi Laminga ya zaɓa. Ƙaninsa kuma yana cewa mu bar yara a gida, manya su je Kahwang su leƙa daga sama su dawo. Ban san ya za ta kaya ba. Zainab, ta yaya ake neman izinin, kuma suna karɓar baƙi ranar Asabar?

Kaneng_Riyom: Anti, in manyan sun nace, ki bari in kira kawuna ranar Alhamis da dare in ji yadda ruwan yake da kuma hanya. In ya ce a'a, to a'a ce.

Direban_FarinGada: In kuma ya ce e, ku ajiye motar a inda kwalta ta ƙare ku hau acaba. Ku yi ciniki da su su jira ku, don a can ciki ba lallai waya ta kama ba.